Turancin ne yaranmu ba su iya ba, ko tambayar ce ba sa karantawa?

Malama Uwani (Tudun Wada): Assalamu alaikum malamai da iyaye. Dan Allah a yi min haƙuri zan ɗan ja rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya. Na ba 'yan SS3 ɗina gwajin insha'i na shirin WAEC, tambayar ba wata mai wuya ba: rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku, ka faɗa masa abubuwa uku da ke jawo ambaliya a unguwarku duk damina, sannan ka ba da shawarar yadda za a magance. Shikenan fa. Yara 74 suka rubuta, na zauna makin da fitilar waya har wajen ɗaya na dare don ba wuta. Akwai wata yarinya da kaf ajin ba mai Turancinta, rubutun hannunta kamar an buga da inji, ta cika shafi biyu da rabi tana ba da labarin yadda ruwa ya shiga gidan kakarta, katifa ta jiƙe, buhun masara ya lalace, akuya ta bi ruwa, wallahi har tausayi ta ba ni. Amma dalili uku? Ko ɗaya babu. Shawara babu. Adireshin ciyaman ma ba ta sa ba, ta buɗe da gaisuwa kamar ƙawarta take rubuta wa. Shi kuma wani yaro da Turancin nasa sai a hankali, ya kawo leda da shara a kwata, ya kawo gini a bakin kogi, ya kawo rashin yashe magudanan ruwa, kowanne ya bi shi da shawara. Ya ɗara ta da maki ɗaya. Yau da safe ta same ni a ofis tana kuka wai na zalunce ta. To ni tambayata ita ce, ta yaya ake koya wa yaro ya tsaya ya fahimci me aka tambaye shi kafin ya ɗora biro?

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Malama kamar kin shiga gidana. Tawa ma haka take, ana raba takarda ta hau rubutu kamar ana korar ta

Malam Ɗanjuma: Malama ki yi haƙuri amma ni a ganina kin ɗan tsananta. Yarinyar da ta iya cika shafi biyu da rabi da Turanci mai kyau a wannan zamanin ai abin a riƙe ta hannu bibbiyu ce. Mu a lesin ɗinmu na yamma abin da muke yi kawai, mu ba su gabatarwa guda biyar da kammalawa guda biyar su haddace, ta wasiƙa daban ta muhawara daban, ranar jarrabawa su zaɓi wadda ta yi kusa su liƙa. Kuma suna cin kiredit ɗinsu lafiya lau. Lokaci ya ƙure, ba a fafe gora ranar tafiya.

Baba Hedimasta: Ɗanjuma, karin maganar da ka kawo ai kanka ta kama, don haddar da kake ba su ita ce fafe gora ranar tafiya. Bari in ɗan yi bayani tunda na taɓa zama teburin makin shekaru da dama kafin ido ya gaza. Takardar Turanci ta biyu a WAEC awa biyu ce, maki 100. Insha'i shi kaɗai 50, fahimta 20, taƙaitawa 30. Hamsin ɗin nan ta insha'i kashi huɗu ake raba ta: 10 na abin da ka faɗa, wato ko ya amsa tambayar, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Wannan goma ta ƙarshe yawancin yaranmu ba sa ganin komai a cikinta, domin kowane kuskure rabin maki ne, kuskure ashirin ka cinye ta, kuma wasu kafin su gama shafin farko sun yi ashirin ɗin. To ka ga yaro mai rauni ina zai samu abin kai wa bakin salati? A goman farko da goma ta biyu. Su kuma waɗannan ashirin ba Turanci ne ke kawo su ba, karanta tambaya ne da tsara amsa. Yarinyar Malama Uwani ta zubar da kuɗin da ke ƙasa ne tana hangen na sama. Batun hadda kuwa, in ka yi makin takarda ɗari daga santa ɗaya ka ga yara talatin sun buɗe da jimla iri ɗaya, ai ka san an yi ruwa an ɗauke. Sakin layi na farko kamar ɗan jarida, na biyu kamar ɗan aji uku na firamare, wa za a ruɗa?

Malam Ɗanjuma: Allah ya ƙara girma Baba, ban musa ba. Amma Baba zamaninku aji mutum talatin ne, mu yanzu muna fama da tamanin

Baban Khalifa: Ni ba malami ba ne, tela ne a Kasuwar Barci, 'ya'yana ne suka sa aka saka ni a gurup ɗin nan, amma ku bari in sa baki. Yaron shago in ya zo koyon ɗinki, wata uku na farko ba ya taɓa almakashi. Abin da nake fara koya masa shi ne sauraron mai kaya. Mutum ya ce kaftani, hannu mai maɓalli, aljihu biyu, kar a yi aiki a wuya. Sai in ce wa yaron maimaita min me Alhaji ya ce. Wallahi rabinsu sai sun zubar da abu ɗaya a hanya. Kuma shadda in ka yanka ta ka yanka, ko ɗinkinka ya fi na kowa kyau a kasuwar nan in mutum ya ce kaftani ka yi masa jamfa sai ka biya shi yadinsa. Ni dai abin da na gani a labarin Malama kenan, yarinyar ta iya ɗinki, awo ne ba ta ɗauka ba.

Maman Ihsan: Hhhh Baban Khalifa ka gama magana

Antin Hausa (Rigasa): Baban Khalifa Allah ya biya ka, wannan "maimaita min" ɗin ita ce duk sirrin, kuma a gidajenmu muka taso da ita. Uwa in za ta aiki yaro cefane ai sai ta ce me na ce ka sayo? Ya ce tattasai, albasa, manja na ɗari biyu. Ta ce saura me? Sai ya tuna daddawa. Tambayar jarrabawa aike ce. Ni Hausa nake koyarwa, kuma ku yarda da ni, a insha'in Hausa ma da ba su da uzurin harshe haka suke yi, za ka ce su rubuta muhawara su goyi bayan ɓangare ɗaya, sai yaro ya zo ya yi maka sulhu, wai kowane ɓangare da gaskiyarsa. Wannan ne ya tabbatar min ba Turanci ne kaɗai ciwon ba. Abin da nake yi yanzu, in na rubuta tambaya a allo kowa biro a ƙasa, hannu a kan benci. Sai in ta da mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, in ta da wani in ce rufe idonka ka faɗa min da bakinka me aka aike ka. Daga nan sai tambayoyina da suka riga suka haddace har suna kwaikwayona a bayan ido: kai wane ne a cikin tambayar nan, ɗalibi ne kai ko shugaban matasan unguwa? Wa kake yi wa magana? Me aka ce ka yi, lissafawa ko bayyanawa ko ba da labari ko kare ra'ayi? Guda nawa aka ce? A tambayar Malama Uwani da yarinyar ta tsaya ta amsa "wa nake yi wa magana" kaɗai, da ta san ciyaman ba ƙawarta ba ne, adireshi biyu za ta sa, da take, ta rufe da sa hannu da cikakken suna. Da ta amsa "guda nawa" da ta ga uku, ta kuma ga akwai "sannan" a tsakiyar tambayar, ma'ana aiken kashi biyu ne. Wannan kalmar ta "sannan" ta kayar da yara ba adadi, suna yin rabin farko su manta na biyu.

Kofa: Anti dan Allah in tambaya. Ni bautar ƙasa aka turo ni wata makaranta ta wajen Kawo, an ba ni Turanci SS2 alhali ba shi na karanta ba, ina dai lallaɓawa. In na ce su maimaita tambayar, da Turanci za su maimaita ko da Hausa? Don firinsifal ɗinmu ya hana Hausa a aji, har tara ake ci

Antin Hausa (Rigasa): Ƙanena da Hausa mana. In ya maimaita da Turanci ai kalmomin tambayar zai dawo maka da su kamar aku, ba za ka gane ya fahimta ko bai fahimta ba. Amma in ya iya juya ta zuwa Hausa daidai, to ta shiga. Minti biyu ne kawai, ka sassauta murya kar firinsifal ya ji hhh

Malam Ɗanjuma: A nan kam ban yarda ba sam. Wannan tunani da Hausa a rubuta da Turanci shi ne ya kashe mu. Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta wai ruwa ya ci gida, ya fassara "ci" ɗin nan kai tsaye, mai makin a Legas ko Inugu ya karanta ya rasa gane ruwa yana da baki ne. Ko ya ce ya sha wahala ya sa kalmar shan ruwa. In kuka buɗe ƙofar Hausa a ajin Turanci wallahi ba za ku iya rufe ta ba.

Antin Hausa (Rigasa): Malam ba cewa na yi ya rubuta insha'in da Hausa ya fassara ba fa. Fahimtar aiken daban, isar da shi daban. Kuma tsakani da Allah, yaron da ya tashi a Rigasa ko Hayin Banki, gida Hausa, layi Hausa, islamiyya Hausa, kana ganin in ka hana shi furtawa ya daina tunani da ita ne? Yana yi a zuci, kai ne dai ba ka ji, sai ka ga sakamakon a takarda lokacin da ba gyara.

Malam Ɗanjuma: Toh Anti, kowa da kiwon da ya karɓe shi

Baba Hedimasta: Ku duka biyun kuna da abin faɗa. Ɗanjuma ya yi gaskiya a kan fassara kai tsaye, na sha ganin ta a takarda. Amma maganin ta karatu ne, yaro ya riƙa karanta Turancin kirki, wannan aikin shekaru ne. Abin da 'yata ta Rigasa ke magana a kai kuwa aikin mako uku ne a ga canji. Mai jarrabawa a gaba wanne zai fara kamawa? Sannan ku matasa masu waya, WAEC tana sa rahoton manyan masu makin a shafinta na intanet, darasi darasi, suna faɗin inda yara suka yi rauni a kowace tambaya. Kyauta ne. Malamai nawa ne a nan suka taɓa buɗewa?

Kofa: Baba wallahi yau na fara jin akwai shi

Malama Uwani (Tudun Wada): Na gode ƙwarai, ina ta kwafa a littafi. To saura tsarawa. Ni matsalata in na ce su yi tsari kafin rubutu sai su ce lokaci zai tafi. Kuma wasu tsarin nasu shi ne su rubuta insha'in gaba ɗaya da fensir a bayan takardar tambaya sannan su sake kwafa da biro, kun ga an yi aiki biyu, ana cewa a ajiye biro suna rabi.

Baba Hedimasta: Yi musu lissafi a allo 'yata, yara suna yarda da lissafi fiye da wa'azi. Minti 50 ake ba da shawarar a kashe a insha'i, kalmomi kuma kada su gaza 450. Tambaya biyar ce za a zaɓi ɗaya. Minti biyar na karanta duka biyar ɗin da zaɓe, kuma a zaɓi wadda ake da abin faɗa a kai, ba wadda ta fi gajarta ba. Minti biyar na tsari. Talatin da biyar rubutu, biyar dubawa. Kalma 450 a minti 35 ai bai kai kalma goma sha uku a minti ɗaya ba, ko ni da hannuna ke rawa zan yi. Abin da ke cinye musu lokaci ba rubutun ba ne, tsayawar nan ce a tsakiya ana cizon biro ana kallon silin don ba a san me ke biye ba. Shirin zaune ya fi na tsaye. Kuma tsari ba jimloli ba ne. Layi biyar ne, kowane layi 'yan kalmomi kaɗan. A taki tambayar: gabatarwa, ni wane, damina ta kusa. Leda a kwata, a sa ranar yasa. Gini bakin kogi, a hana, a bi doka. Magudanai sun yi kaɗan, a faɗaɗa. Rufewa, roƙo. Shikenan an gama. Ki raba musu kalmomin ma: 50 a buɗewa, 120 sau uku a ciki, 40 a rufewa, ga 450 cif. Yaron da ke jin 450 kamar dutse, in kika ce masa 120 kawai nake so a kan leda, sai ki ga ya saki jiki, layi goma sha biyu ne ko sha uku.

Maman Ihsan: Baba Allah ya saka da alheri, na yi sikirinshot. Amma ni tawa damuwar daban ce, duk aikin gida da aka ba Ihsan sai ta karɓi wayata ta tambayi ChatGPT, ya zubo mata shafi guda ta kwafe, malamin ya ba ta 8 cikin 10 ya rubuta mata da kyau. Ranar jarrabawa wa zai zubo mata?

Kofa: Hajiya ai har mu a jami'a haka aka koma. Kuma JAMB tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, zaɓi ne kawai A B C D, to yara sun ɗauka rubutu ya zama tsohon yayi. Sai sun shiga aji ɗaya a jami'ar jihar Kaduna (KASU) ko Poli an ce su tattauna abu a shafi uku ido ya raina fata

Antin Hausa (Rigasa): Maman Ihsan shi ya sa na daina ba da insha'i a tafi da shi gida. Kuma wannan zai amsa kukan Malam Ɗanjuma na yawan yara, don ni ma 86 gare ni a aji ɗaya, wasu a taga suke zama. Ba kullum nake cewa a rubuta cikakken insha'i ba, wa zai yi makin? Ina da miji da 'ya'ya. Fiyirod minti 40 ne, sai in kawo tambaya uku, kowacce a warware ta a yi mata tsari na layi biyar a 'yar takarda, a miƙo. Takarda 86 kafin in sauka daga Keke na duba rabi, don kallo ɗaya za ka yi ka gane wanda ya kauce. Cikakken rubutu sau ɗaya a wata, a aji, a gabana. Wani lokacin ma sai in sa su yi musanya, na Bello ya ba Habu, Habu ya duba ko uku aka ce kuma uku ya gani. Suna jin daɗin kama juna fiye da komai.

Abu Sadik: Duk wannan zance ne, matsalar daga sama take. An manta 2017 da aka yi wa malaman firamare jarrabawa a jihar nan ta Kaduna sama da dubu ashirin da ɗaya aka ce sun faɗi? Yaron da ginshiƙinsa ya

Admin: Abu Sadik dan Allah. Mun yi wannan muhawarar a gidan nan har mutum biyu suka fita. A tsaya a kan insha'i.

Abu Sadik: Na yi shiru ranka ya daɗe

Baban Khalifa: Ni tambaya ɗaya gare ni kafin in koma kan keke. Wannan da ake cewa a rubuta labari da zai ƙare da wata magana ko ya nuna ma'anar karin magana, shi ma ana tsara shi? Khalifa ya ce shi kullum shi yake zaɓa don ba ya buƙatar tunani

Baba Hedimasta: Ka ce wa Khalifa in ji kakansa, nan ne ramin ya fi zurfi. Yara suna rugawa can don suna da wani labari da suka haddace, yawanci na haɗarin mota a hanyar Zariya ko ranar da ɓarayi suka shigo, sai su juye shi su manna jimlar a ƙarshe ko ta zauna ko ba ta zauna ba, kamar hular aro. Shi labari daga ƙarshe ake tsara shi. Ka fara da jimlar da aka ba ka, ka tambayi kanka wane ne zai faɗi wannan, me ya same shi har ya faɗa, sai ka taka da baya zuwa farko. In labarin bai kai ka ga jimlar da ƙafarsa ba to ba shi ba ne.

Malama Uwani (Tudun Wada): Salam, na dawo da rahoto bayan kwana tara, kar a ce na ci na goge baki. Na gwada hanyar Anti sau huɗu. Ranar farko dariya suka yi ta yi da na ce biro a ƙasa, wani ya ce Malama yau wa'azi za a yi? Jiya na ba su sabuwar tambaya, maƙala don jarida a kan shaye-shaye tsakanin matasa, dalili biyu da mafita biyu. Cikin 71 da suka zo, 49 tsarinsu ya hau daidai. Sauran yawancinsu mafitar suka manta, "sannan" ɗin nan dai ta Anti. Mutum shida kuma har yanzu wasiƙa suka yi min da adireshi, maƙalar jarida fa. Ita mutuniyar tawa da ta yi kuka ita na fara tayarwa ta maimaita da Hausa, ta yi tsit, can ta ce Malama ashe wancan karon ba labari aka ce ba. Na ce ashe. Sai wani gwani da ya miƙo min layi biyar ɗinsa ya naɗe hannu, na ce ina insha'in, ya ce ai kin ce in an yi tsari an gama.

Maman Ihsan: Hhhhh wannan ɗan Baba Hedimasta ne, shi ya ce shikenan an gama

Malam Ɗanjuma: 49 cikin 71 a tsari ne fa ba a rubutu ba. Mu dai jira sakamako ya fito a watan takwas sai a yi magana. Amma Malama turo min tambayoyin nan huɗu da kika yi amfani da su ta bayan fage, ina da 'yan NECO ranar Asabar

Malama Uwani (Tudun Wada): Sai na dawo daga makaranta Malam, suna cikin littafin da na bari a ofis